Shekara ɗaya da rabi ina aiki da masu buɗe kamfani da akawun a Hong Kong, ga abin da na gani

Assalamu alaikum jama'a. Tun bayan sallah ake ta tambayata a kasuwa da ta waya, wai Alhaji ofishin nan da suka yi maka rijistar kamfani a Hong Kong yaya aikinsu yake, a shiga ko kar a shiga, toh bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan ofishin ba don akwai inda zan yaba akwai inda zan kushe, kuma yaran halalinsu suke nema. Suna wani bene ne ba nisa da Wapa, samari uku da yarinya ɗaya mai kula da takardu.

Ni dai atamfa da shadda da leshi nake saidawa a Kantin Kwari, kuma duk wanda ke ɗauko kaya daga Chaina ya san yadda muka saba biya. Ka kai nairarka wajen ɗan canji, shi yana da mutuminsa a Gwanzu, a can a ba mai kaya RMB, wato kuɗin Chaina, shi kenan, amana ce kawai ke riƙe da abin, kuma gaskiya shekaru muka yi a haka lafiya lau. Matsalar ta fara ne lokacin da aka daskarar wa matar da nake sayen leshi a hannunta akawun a can, saboda kuɗin da ke shigo mata daga mutane daban-daban suke fitowa waɗanda ba ta san su ba, hukuma ta ce sai ta yi bayani, wata biyu tana zirga-zirga. Da aka sake mata sai ta ce min daga yau in dai zan biya ta to in tura dala cikin akawun kamfaninta na Hong Kong kuma daga akawun da ke ɗauke da sunan kamfanina, in ba haka ba kowa ya kama gabansa. Da ta Dubai nake ɗan bi da wasu biyan, toh ita ma kun san abin da ya faru, a 2022 aka tsayar mana da biza, Emirates ta daina zuwa Najeriya, sai a 2024 abubuwa suka dawo. Wannan ne ya kai ni benen nan a farkon 2024, daidai lokacin da dala ta haura naira 1,500 kowa hankalinsa a tashe.

Rijistar kamfanin kam ba ni da abin cewa, sun burge ni. Sun ce sati ɗaya, ta ɗau kwana tara, ban je ko'ina ba ina zaune a shago aka turo min satifiket ɗin kamfani da takardar rijistar kasuwanci ta waya. Dokar can ta ce dole kamfani ya kasance yana da sakatare mazaunin Hong Kong da adireshi a cikin garin, su suka haɗa ni da abokan aikinsu na can da ke tsaya wa mutum a kan wannan. Fasfo suka karɓa da shaidar inda nake zaune, takardar kuɗin wutar gidana ba sunana ne a kai ba sai muka yi amfani da sitetmen na banki, yarinyar nan ta bi komai layi-layi har inda sunan mahaifina ya bambanta da harafi ɗaya tsakanin takardu biyu ita ta gano ta ce a gyara tun yanzu kafin ya zama matsala. Allah ya yi mata albarka.

Akawun ne ya ba ni wahala, kuma nan ne raina ya ɓaci da su. Sun ce sati uku. Wallahi sai da muka kusa wata uku. Bankuna biyu suka ƙi ni ba tare da wani dogon bayani ba, daga baya na fahimci cewa a Fabrairun 2023 hukumar nan ta duniya mai sa ido kan halatta kuɗin haram, FATF, ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake ƙara wa bincike, don haka a wancan lokacin da an ga koren fasfo sai a ninka tambayoyi, ina ka samo jari, su waye kwastomominka, kawo invois na shekara biyu, kawo takardun lodin kwantena. Wannan ba laifin yaran ba ne. Laifinsu shi ne sun san haka abin yake amma ba su faɗa min tun ranar farko ba, sai da suka karɓi kuɗin aiki. A ƙarshe abin da aka samu ba cikakken banki ba ne, kamfanin biyan kuɗi ne mai lasisi da ke ba ka akawun dala da RMB da dalar Hong Kong, yana aiki sosai, amma su sun yi ta kiransa banki banki har sai da na karanta takardar yarjejeniya da taimakon ɗana na ga bambancin. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne, domin tsarin da ke kare ajiyar mutane idan banki ya durƙushe, wanda aka ɗaga zuwa dalar Hong Kong 800,000 a Oktoban 2024, ajiyar banki yake karewa. Na koma ofishin na ce wa babbansu, Malam wannan ba daidai ba ne, abin da ka sayar min ka kira shi da sunansa. Ya ba ni haƙuri, kuma na ji an ce yanzu suna yi wa mutane bayani.

Toh yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda ita ce ma dalilin wannan dogon rubutu. Kafin in sa hannu na je na gaida maigidana wanda ya koya min kasuwa, dattijo ne da ba ya rabo da rediyo, ina gaya masa sai ya girgiza kai ya ce kai yaro garin da Chaina ta murƙushe, Amurka ke fushi da shi, can za ka kai dukiyarka? Maganar ta tsaya min a rai. Na tambayi saurayin ofishin sai ya yi murmushi ya ce "Alhaji kar ka damu, siyasa ba ruwanta da kuɗi." Wannan amsa ita ce mafi muni da na samu a wajensu gaba ɗaya, domin ba gaskiya ba ce, kuma ba a gaya wa ɗan kasuwar Kano haka. Mu da muka ga an hana masu shigo da yadi dalar gwamnati a 2015 da takarda ɗaya daga CBN, mu da muka ga canjin takardun naira a farkon 2023 mutum da kuɗinsa a banki amma ba na cefane, mu da muka kwana dala tana wajen naira 460 a hukumance a Yunin 2023 muka wayi gari an sake ta ta kama hanyar 700 da wani abu, mu za a ce wa siyasa ba ruwanta da kuɗi?

Sai na zauna na bi abin da kaina, kuma da na je baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu na samu biza na hau jirgin ƙasan nan mai gudu daga Gwanzu zuwa Kowloon da ke cikin Hong Kong, tafiyar kamar awa ɗaya, na kwana uku. Maigidana bai yi ƙarya ba, garin ya canza sosai. Ingila ta miƙa shi ga Chaina ranar 1 ga Yulin 1997 bisa alkawarin ƙasa ɗaya tsari biyu har shekara 50, wato zuwa 2047. A 2019 aka yi wata da watanni ana zanga-zanga a kan dokar miƙa waɗanda ake tuhuma zuwa Chaina, har filin jirgi sai da ya tsaya a watan Agusta. Ranar 30 ga Yunin 2020 Beijing ta kafa dokar tsaron ƙasa, aka kama 'yan adawa da yawa, jaridar Apple Daily ta rufe a 2021, a Maris 2024 kuma aka ƙara wata dokar tsaron ta cikin gida. Amurka ta janye matsayi na musamman da take ba garin a 2020, Ingila ta buɗe wa mutanen garin hanyar biza a 2021 da yawa suka kwashe iyali suka tafi, ga korona da aka riƙa killace matafiyi a otal har sati uku. A 2022 Singafo ta wuce Hong Kong a jerin manyan cibiyoyin kuɗi na duniya. Duk wannan ya faru, kuma ni ban ji daɗin ganin an rufe bakin mutane ba, ba zan ɓoye ba.

Amma ga abin da ya tsaya min. Duk wannan guguwar da aka yi, dalar Hong Kong tana nan inda aka ɗaure ta tun Oktoban 1983, wajen 7.8 a kan dalar Amurka ɗaya, kuma tun 2005 ba a barinta ta fita daga tsakanin 7.75 da 7.85. Ku tsaya ku yi lissafi, sama da shekara 40, an sauke tutar Ingila an ɗaga ta Chaina, an yi rikicin kuɗin Asiya na 1997 da 1998, an yi na duniya a 2008, an yi zanga-zanga an yi annoba, farashin na nan. Ba da baki ake riƙe shi ba. Takardun kuɗinsu daga na dala 20 zuwa sama bankuna uku ne ke bugawa, HSBC da Standard Chartered da Bank of China, kuma ba wanda zai buga ko takarda ɗaya sai ya ajiye dalar Amurka daidai da ita a wajen hukumar kuɗin garin. In farashi ya taɓa 7.85 hukumar ta fito da dala ta saye kuɗinsu, in ya taɓa 7.75 ta sayar, a cikin 2025 ma ya taɓa gefen biyu kuma duk ta shiga ta tare. Ni da na riƙe takardar ɗari a hannuna a wani shagon shayi kusa da masallacin Kowloon sai da na yi shiru ina tunanin sau nawa na yi odar kaya da riba a lissafi, kafin kwantena ta iso Legas canji ya cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi. Ɗan kasuwa zai iya jure tsada, abin da ba zai iya jurewa ba shi ne ya kwana bai san nawa kuɗinsa zai zama da safe ba.

Sannan a cikin dokar da ke matsayin tsarin mulkinsu an rubuta ƙarara a sashe na 112 cewa ba za a sa takunkumin canjin kuɗi ba, kuɗi ya shiga ya fita yadda mai shi ke so. Tsallaka iyaka kaɗan zuwa Shenzhen ba haka ba ne, can akwai ƙa'ida mai tsauri a kan fitar da kuɗi, shi ya sa masu masana'antun da muke sayen kaya a hannunsu kusan kowa yana da kamfani a Hong Kong da yake karɓar dala ta nan. Kuma nan ne na gane sirrin, Chaina da kanta tana buƙatar garin a yadda yake. Ƙofarta ce. Mafi yawan hada-hadar RMB da ake yi a wajen babban yankin Chaina a nan ake yi, tun 2014 aka haɗa kasuwar hannun jarinsu da ta Shanghai, 2016 aka haɗa da ta Shenzhen, baƙo ya sayi hannun jarin kamfanin Chaina ba tare da ya shiga cikin tsarinsu na gida ba. Alibaba ana tsakiyar zanga-zanga a Nuwamban 2019 ta zo ta sayar da hannun jari ta tara sama da dala biliyan 11, kamfanin batir na CATL shi ma ya zo a Mayun 2025 ya tara biliyoyi. Mai gida zai iya sauya masu gadi ya sauya dokar gida amma ba zai toshe ƙofar da abincinsa ke shigowa ta nan ba. A Satumban 2024 garin ya karɓe matsayinsa na uku a jerin manyan cibiyoyin kuɗi na duniya, bayan New York da Landan.

Kotunansu ma har yanzu da tsarin shari'ar Ingila suke aiki irin wanda manyan kotunanmu suka gada, da Turanci ake iya yin komai, don haka lauyana na nan Kano ya karanta yarjejeniyar da na yi da mai leshi ya gane ta ba tare da tafinta ba. Sai dai a nan ma akwai tsaga, alƙalan Ingila biyu da ke zama a kotun ƙolin garin, Lord Reed da Lord Hodge, sun ajiye aiki a Maris 2022, wasu biyu suka bi su a Yunin 2024, kuma ɗayansu Lord Sumption ya fito fili ya ce bin doka a garin yana cikin haɗari. Shari'ar ciniki tana tafiya yadda aka saba, amma wanda ya ce maka bango bai tsage ba bai duba ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba daga Beijing yake ba, daga Amurka yake. A Agustan 2020 Amurka ta sa wa shugabar garin ta lokacin Carrie Lam takunkumi, daga baya ita da bakinta ta ce ba ta da akawun a banki, albashinta tsaba ake ba ta tana tarawa a gida. Shugabar gari guda, a garin da ke cike da bankuna. Wato bankunan sun fi tsoron a yanke su daga dala fiye da tsoron gwamnatin da suke zaune a ƙarƙashinta. Wannan ya nuna maka ƙarfin tsarin, ya kuma nuna maka inda igiyar take, ranar da rigimar Amurka da Chaina ta kai inda ba a so, mu ƙananan da ke bi ta tsakiya mu za a fara matsewa. Irin wannan bayanin nake so a ce ofishin nan suna yi wa mutane kafin a karɓi kuɗinsu, ba a ce musu kar su damu ba.

A aikin yau da kullum kuwa, gaskiya na huta da abubuwa da yawa. In na tura wa mai kaya daga akawun ɗina zuwa nata, duk a Hong Kong, yawanci a ranar take gani, cajin kaɗan ne, ga risit da sunan kamfanina, ba sauran kiran waya ana cewa an tura ba a gani ba. Suna gabanmu da awa bakwai, don haka in kana son abu ya fita a ranar sai ka yi shi bayan sallar asuba, in ka bari ka buɗe shago ƙarfe goma su sun kusa tashi. Sau ɗaya aka riƙe min wani biya kwana tara saboda kuɗin ya shigo daga wani kwastomana na Nijar da ba a san sunansa a takarduna ba, aka ce in kawo invois da shaidar kaya, a nan yaran suka tsaya min tsayin daka, har ƙarfe ɗayan dare yarinyar nan tana amsa saƙo tana haɗa takardu, ba su nemi ƙarin ko sisi ba. Na kuma gaya musu tun farko ba na son akawun mai kuɗin ruwa, suka tabbatar min a rubuce. A gefe guda, ashe gwamnatin Hong Kong ma ta taɓa fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na dala biliyan 1 a 2014, abin ya ba ni mamaki kuma ya nuna min yadda suke farautar kuɗi ta kowace kusurwa.

Kar wani ya ɗauka akawun nan zai sa dala ta yi masa sauƙi. Ba zai sa ba. Nairarka sai ka nemo mata dala a nan gida a farashin ranar, ta hanyar da za ka iya nuna takarda, Form M ɗinka na shigo da kaya da kwastan duk suna nan yadda suke. Kuma akwai kuɗin shekara-shekara da ba a cika faɗa da ƙarfi ba, sabunta rijista, kuɗin sakatare da adireshi, sannan dole odita na can ya duba lissafin kamfani duk shekara ko da cinikinka kaɗan ne. Harajin riba kashi 8.25 cikin ɗari ne a kan dalar Hong Kong miliyan 2 na farko, abin da ya haura kashi 16.5, babu VAT, kuma ribar da aka samo a wajen garin ana iya neman a yafe mata haraji amma sai ka kawo hujja, ba kai tsaye ba ne kamar yadda aka nuna min da farko. Kuɗin odita ya zo min ba shiri, na kuma faɗa musu su riƙa rubuta wa mutum jimillar kuɗin shekara ta biyu tun kafin ya biya na farko.

In kana ɗauko kwantena a kai a kai kuma masu kayanka sun fara neman a biya su da sunan kamfani, ka je, za su yi maka aiki, ni taurari uku da rabi cikin biyar zan ba su, rijista da tsayawa kan matsala sun ci, bayani ne suka gaza. In kuwa ɗan kaya kake haɗawa da 'yan uwa a kwantena ɗaya sau biyu a shekara, kuɗin riƙe kamfanin zai cinye abin da kake ganin ka rage, ka zauna da ɗan canjinka mai amana.

Ni dai na sabunta nawa na shekara ta biyu. Amma kuɗi ba ya kwana min a can fiye da sati, ya shiga ne ya wuce wajen mai kaya, abin da ya yi saura in juya shi kaya. Da na koma na yi wa maigidana wannan bayanin, har maganar 7.8 da ta matar nan da ke tara albashi a gida, ya daɗe yana jan carbi sannan ya ce toh Allah ya tsare, amma duk ranar da ka ji a rediyo an taɓa wannan farashin ko an ce sai da izini za a fitar da kuɗi, kar ka jira ka ji ƙarshen labarin. Na ce in sha Allahu Baba, kuma na sa ɗana yana duba min farashin duk ranar Litinin.